Sifili a Gidan Injin Niƙa

Ta riga ta kai bakin titi, jaka a kafaɗa, tana ɗaga wa motoci hannu, sai wayarta ta yi ƙara. Manaja ne. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Kina ina?"

"Ina hanyar gida, ranka ya daɗe."

"To ki juyo. Taswirar nan ta ƙi hawa. Gobe da sassafe masu aikin hanya za su buɗe rahoton, kuma ba ni zan tsaya gabansu ina kame-kame ba."

"Ranka ya daɗe, magariba ta kawo kai, ga yarinya na bari..."

"Kowa ma yana da yarinya." Ya kashe wayarsa.

Tsintsiya suke ce mata a ofis, kuma ba don ƙauna aka raɗa mata sunan ba. Aikinta shara ne. Masu awo su fita unguwar da sabuwar hanya za ta ratsa su auno gidaje, su ƙirgo mutanen ciki, su zubo mata komai a jadawalin kwamfuta yadda suka ga dama: wani ya rubuta lamba da kalmomi, wani ya maimaita gida ɗaya sau biyu, wani ya juya lambobin wuri har gidan mutum ya faɗa tsakiyar teku. Ita za ta zauna ta share, ta daidaita, sannan ta cika shafin bayani, wato shafi na biyu da ke gaya wa na'ura ma'anar kowace lamba da sunan wanda ya tabbatar da ita. Daga nan sai a ɗora wa na'ura, taswira ta fito a allo, kowane gini da ɗigonsa. Ka danna ɗigo, ya gaya maka mutum nawa ke kwana a wurin. Idan aiki ya yi kyau, Manaja ake yaba wa. Idan ya ɓaci, kowa ya san teburin da za a nufa.

Maigadi yana alwala a bakin ƙofa lokacin da ta dawo. Ya miƙo mata makulli da jiƙaƙƙen hannu, yana ƙunƙuni.

"Ku dai ba kwa barin mutum ya huta. Ina idar da isha'i zan rufe get, ko kina ciki ko ba kya ciki."

Ta karɓi makullin. Ta haye bene, ta buɗe ofis, ta kunna fitila da fanka. Ɗakin yana warin takarda da ragowar shayin da wani ya bari a kofi. Kujeru duk an tura su ƙarƙashin tebura. Ta yi sallar magariba a gurguje a bayan kabad, sannan ta zauna gaban kwamfuta ranta a ɓace.

Matsalar ba ta da wuyar ganewa. Jan rubutu ne ya fito ɓaro-ɓaro a saman allo: akwai gidajen da aka bari fanko. A ofishin, kowane ɗan akwati na jadawali gida suke ce masa, kuma dokar da ita kanta ta rubuta a shafin bayani ta ce gidan adadin mazauna dole ya ɗauki lamba. Wanda ya bar su fanko kuwa Mai Awo ne, shugaban masu fita unguwa, mutumin da rabon da su yi maganar arziki da ita tun ranar da ta tona kurakuransa a taro. Ba yadda ta iya, ta kira shi.

"Au, yau ni ake nema?" in ji shi. "Ba ke kika tsaya gaban Manaja kika ce aikina duk ƙazanta ne ba?"

"Ba faɗa na kira ka mu yi ba. Gidajen da ka bari fanko, mutum nawa ne a ciki?"

"Kangaye ne da shaguna. Ki sa musu sifili."

"Har da tsohon injin niƙan nan na ƙarshen layi?"

Sai ya rage murya.

"Wannan ki bar shi yadda na bar shi."

"Na'ura ba ta karɓar fanko."

"Mun yi sallama, an amsa mana daga ciki. Muka shiga, ba mu ga kowa ba. Na sake yin sallama, aka sake amsawa, a bayan kunnena. Iyakar abin da na sani ke nan."

"To mutum nawa zan sa?"

"Ki je ki ƙirgo, tunda kin fi kowa iya aiki."

Shi ma ya kashe mata waya. Ta ja tsaki. Ta san halinsa sarai: rana ta yi masa zafi, ya gaji da yawo, shi ne ya ƙirƙiro labarin da zai rufe lalacinsa. Injin nan tun kafin ta yi aure ya daina aiki. Ta sha wucewa ta gabansa, don unguwarsu ma tana cikin awon, kuma ban da tsatsa da yanar gizo babu abin da ke wurin.

Ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tana zuba musu sifili. Da ta zo kan na injin, ko ɗar ba ta ji ba, ta danna. Ta koma shafin bayani ta ƙara layi: sifili na nufin babu kowa a gidan, ana iya rushewa ba tare da sanarwa ba. A ƙarƙashi ta sa sunanta, a matsayin wadda ta tabbatar. Ta ɗora.

Jan rubutun ya ɓace. Taswira ta buɗe tsaf, koren ɗigo ga gidajen da ke da mutane, ruwan toka ga waɗanda motocin rusau za su fara da su. Ta kai linzamin kwamfuta kan ɗigon injin, ya nuna mata sifili. Ta yi miƙa, ta jawo jakarta.

Sai ta ji warin dusa.

Ba sabuwar dusa ba, irin wadda ta daɗe a buhu ta sha laima, haɗe da ƙaurin baƙin mai. Ta waiwaya. Tagogi a rufe suke. Ta sunsuna mayafinta, ba daga nan ba ne. Warin ya ci gaba da ƙaruwa har ta fara jin garinsa a maƙogwaro.

Daga ƙasan bene wani sauti ya taso. Tak, tak, tak. A hankali, kamar bel ɗin inji da ke neman kamawa. Ta ce a ranta janareton maƙwabta ne. Amma janareto ba ya hawa matakala, wannan kuwa hawowa yake yi.

Ya tsaya a bakin ƙofa.

Ƙofar ta buɗe. Ba a ƙwanƙwasa ba, ba a yi sallama ba. Babu wanda ya shigo, amma a kan tayil ɗin, farin sawun ƙafa ya bayyana. Sai wani a gabansa. Sai wasu ƙanana a gefe, irin na yara.

"Babu kowa a nan," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. Muryar tsoho ce, busasshiya.

"Babu kowa," wata ta amsa, ta mace.

Tsintsiya ta buɗe baki za ta yi addu'a. Harshenta ya yi nauyi, leɓunanta suka bushe da gari. Da ƙyar bisimilla ta fito, ita ma rabi.

"A kashe fitila," in ji tsohon. "Ɓarna ce a bar ta a ɗakin da babu kowa."

Makunnin bango ya yi ƙas. Duhu ya rufe ɗakin, sai hasken allo kaɗai a fuskarta. Fanka ta rage gudu, ta tsaya.

Ta ji ana jan kujeru daga ƙarƙashin tebura, ɗaya bayan ɗaya. Ta ji katifunsu suna lotsawa. An zauna a ta Manaja. An zauna a ta Mai Awo. Sawun ya matso gefenta.

"Ga wata kujerar ma babu kowa."

Aka zauna a kanta.

Nauyi ne kamar an ɗora mata buhun hatsi a cinya, ga sanyi. Ya danne mata ƙirji, numfashinta ya koma guntu-guntu. Tana ganin allo ta cikin abin da ke zaune a kanta. Hannuwanta kawai ke iya motsi.

Linzami ya zame daga ƙarƙashin tafinta. Taswira ta fara tafiya da kanta. Ta bar layin injin, ta tsallaka kwalbati, ta bi ta gaban makarantar yara, ta shiga wani lungu da Tsintsiya ta fi sanin sa fiye da kowane lungu a duniya. Ta tsaya kan wani koren ɗigo. Aka danna.

Uku. Ita, da mijinta, da Ummi.

"Su uku aka rubuta," in ji macen.

"A gyara musu, yadda aka gyara mana."

Ta lalubo waya, ta kira mijinta. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Baban Ummi! Ka ɗauki yarinyar nan ku fita daga gidan, yanzu!"

"Alo? Maman Ummi? Alo?"

"Ka ji ni? Ku fita!"

"Alo? Kai, wannan waya da ɓata rai take. An kira kuma an yi shiru."

Bai kashe ba, ajiye ta ya yi. Tana jin ƙarar talabijin, tana jin cokali yana taɓa kwano. Sai kuma ta ji wani abu a bayan waɗannan, can cikin ɗakin kwanansu. Tak, tak, tak.

"Baba," muryar Ummi ce, siririya, ta yarinyar da ba ta daɗe da shiga makaranta ba. "Waye yake niƙa a ɗakinmu?"

Wayar ta mutu.

"Da wa za a fara?" in ji macen.

"Ƙaramar. Ta fi sauƙin ɗauka."

Nan muryar Tsintsiya ta ɓalle, ita kanta ba ta san daga inda ta fito ba.

"Ku bar min 'yata! Ni na rubuta, sunana ne a ƙasa! In cirewa za ku yi, ni za ku cire!"

Kujeru suka ɗan motsa, kamar na mutanen da suka ji abu suna juya shi.

A allo, ukun ya yi rawa. Ya dushe. Ya koma biyu.

Ta ƙwalla ƙara. Ta fizgo linzamin da hannu biyu, ta koma jadawali, ta nemo gidan injin. Idonta ya cika da hawaye, layukan suna haɗewa. Ta goge sifilin ta sa ɗaya. Ta ɗora.

Duk kujerun ɗakin suka daki ƙasa lokaci guda.

"Ƙirga mu ake yi," in ji tsohon, kuma yanzu muryar a kunnenta take. "Wa ya ba da izinin a ƙirga mu?"

Nauyin ya ninka. Ta ji haƙarƙarinta yana ƙara. Gari ya fara zubowa daga silin, yana sauka kan madannan kwamfuta, yana shiga mata ido.

Biyun da ke allo ya fara rawa.

Ta goge ɗayan. Ta bar gidan fanko. Ta ɗora.

Jan rubutu. Ba a karɓar fanko.

Ta sake. Jan rubutu.

Ba sa son sifili. Ba sa son lamba. Na'ura ba ta son fanko. Ta dafe kai, numfashi yana neman ƙare mata, sai ta tuna wanda ya gaya wa na'urar haka. Ita ce. Dokar tata ce, da hannunta ta rubuta ta.

Ta buɗe shafin bayani. Yatsunta sun yi sanyi, tana danna harafi biyu a wurin ɗaya. Ta cire dolen da ta sa wa gidan adadin mazauna. Ta buɗe sabon layi.

Fanko: akwai masu gida. Ba a ƙirga su ba. Kada a taɓa.

Ta sa sunanta. Ta ɗora.

Ɗan da'irar jira ya fara juyawa a tsakiyar allo. Tak, tak, tak, injin yana bin juyinsa. Biyun yana dushewa, yana dawowa, yana dushewa.

Taswira ta buɗe.

Ɗigon injin ba kore ba ne, ba ruwan toka ba. Fari ne, babu lamba a kansa.

Sautin ya tsaya.

Nauyin ya ɗaga daga cinyarta a hankali, yadda tsoho ke tashi daga zaune. Ta ja iska, ta yi tari, gari ya fito mata ta hanci. Ta ji ana mayar da kujeru ƙarƙashin tebura. Sawun ya nufi ƙofa, manya a gaba, ƙanana a baya. Na ƙarshen ya tsaya.

"Ke."

Wannan ne karo na farko da aka yi magana da ita.

"Namu kin gyara. Naku kuwa mun riga mun rubuta, kuma mu ba ma gogewa."

Fitila ta kawo. Fanka ta ci gaba da juyawa. Tayil ɗin fes, babu ko ƙwayar gari.

Ta duba jadawali, gidansu uku ne a rubuce. Ta duba taswira, biyu. Ta sake ɗorawa, biyu. Ba ta tsaya kashe kwamfutar ba. Ta sauka benen da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Maigadi yana shirin sa kwaɗo a get.

"Da kin ƙara minti ɗaya da a ciki za ki kwana," in ji shi. "Makullina fa?"

Ta jefa masa. Wani ɗan sanyi ya ratsa ta, tunda dai shi ya gan ta, ya kuma ji ta. Mai motar da ta tare shi ma ya gan ta, har ya yi mata faɗan buga ƙofa. Duk tsawon hanya abu ɗaya take maimaitawa a ranta: Allah ka sa ba Ummi ba ce, Allah ka sa ba Ummi ba ce.

Mijinta ne ya buɗe mata, fuska a haɗe.

"Wane irin aiki ne wannan? Kin kira mutum kin yi shiru, na yi ta nemanki waya a kashe..."

Ta ture shi ta shige. Ga Ummi nan zaune a kan tabarma, kwano a gabanta, tana kallon talabijin, ƙafafunta a miƙe. Lafiyarta ƙalau. Tsintsiya ta zube a gwiwa ta rungume ta, tana kuka tana dariya, tana shafa kanta, tana sunsunar wuyanta. Ashe duk su uku suna nan. Ashe barazana ce kawai.

Yarinyar ba ta rungume ta ba. Ta sandare, hannuwanta a gefe, yadda yaro ke yi idan baƙo ya ɗauke shi. Ta zame jikinta a hankali ta koma bayan ubanta, ta kama masa riga.

"Baba, wace ce wannan?"

"Ke, wane irin wasa ne haka? Mamanki ce."

Ummi ta leƙo ta gefen ƙafarsa, ta kalle ta daga sama har ƙasa, da ladabinta, babu tsoro babu wasa.

"A'a. Mama tana ofis."

Washegari Manaja ya yi ta masifa kan farin ɗigon nan guda ɗaya da ya ɓata masa tsarin rahoto. Ta bar shi ya gama, ta ce masa in yana so a sa lamba, ga kujera, ya sa da hannunsa, ya kuma rubuta sunansa a ƙasa. Bai sa ba. Mai Awo ya zo ya tsaya a bayanta yana kallon allon, kuma daga ranar bai ƙara ce mata Tsintsiya ba. Da aikin hanya ya zo, titin ya ɗan karkace a ƙarshen layin, ya bar injin a tsaye da tsatsarsa.

An kai Ummi asibiti, likita ya ce bai ga komai ba. An yi addu'o'i, an yi sadaka. Yarinyar ta san ubanta, ta san kakarta, ta san malamarsu da duk yaran lungu. Idan aka nuna mata hoton uwarta, sai ta yi murmushi ta ce ga Mama. Idan aka nuna mata matar da ke tsaye a gabanta, sai ta girgiza kai. Da ta ga baƙuwar ba ta da niyyar tafiya, kuma ita ke yi mata wanka da kitso, sai ta fara ce mata Anti. Tana gaishe ta da safe, tana yi mata godiya idan ta ba ta abinci. Yarinya ce mai tarbiyya, uwarta ta koya mata.

Tsintsiya ta daina kai magariba a ofis, ko me Manaja zai ce. Tana sauri ta iso gida da sauran haske, don ta san inda za ta tarar da yarinyar: a dokin ƙofa, ta rafka tagumi, idonta a kan bakin lungu. Ummi tana hango ta sai ta miƙe da murna, ta yi taku biyu, sannan ta gane wadda ke zuwa, ta koma ta zauna.

"Sannu da zuwa, Anti," takan ce. "Ba ki ga Mamana a hanya ba?"